Kundin aikin raba ƙananan hukumomi 186 bisa damina da ƙasar noma

9 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa ajiye abin da na yi da dalilin yin sa, kada nan da wata shida in ga taswira a hannuna in kasa tuna ta inda na biyo.

Ga aikin. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna da ƙananan hukumomi 186: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Ina so in rufe ido ga iyakar jiha, in bar lissafi ya tara waɗanda daminarsu da ƙasarsu suka yi kama, kowanne da 'yan'uwansa, har su zama yankuna kaɗan da za a iya ba kowanne shawarar noma iri ɗaya.

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Gonar mahaifina tana Bakori, ta kawuna tana Ɓaure, duk a jihar Katsina. A Bakori masara ake yi da auduga da waken suya. A Ɓaure gero ne da wake da riɗi a cikin rairayi. Ranar da ake huɗa a Bakori, a Ɓaure sau da yawa ko ruwan shuka bai sauka ba. Amma idan aka zo rabon iri, ko sanarwar lokacin shuka, sai a ce "manoman jihar Katsina", kamar gona ɗaya suke nomawa. Haka Doguwa da Makoɗa a Kano, haka Zuru da Kangiwa a Kebbi, haka Gwaram da Maigatari a Jigawa.

Ba ni na fara ba. Rabon nan na Sahel da Sudan da Gini ta arewa da ta kudu da muka haddace a makaranta, tun zamanin Turawa aka zana shi bisa itatuwa da ciyayi. A 1972 Kowal da Knabe sun fitar da kundin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa daga Samaru. Ayyuka ne masu daraja, sai dai an yi su kafin farin 1973 da na 1984, kuma dazukan da aka dogara da su da yawa yau gonaki ne.

23 ga Janairu

Bayanan ruwa sun sauka. CHIRPS na ɗauka, na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ke haɗa abin da tauraron ɗan'adam ya hango na sanyin gajimare da abin da tashoshin ƙasa suka auna. Ya faro daga 1981, kuma ya yanka ƙasa gurbi-gurbi kamar allon dara, kowane gurbi wajen kilomita biyar da rabi tsawo da faɗi. Zan yi aiki da shekara 30, daga 1991 zuwa 2020. Bayanan ƙasa daga SoilGrids, na cibiyar ISRIC da ke Holan: yawan rairayi, yawan yumɓu, tsamin ƙasa. Tsayin wuri daga SRTM, awon tudu da kwari na doron ƙasa da aka yi daga sararin samaniya.

Kwana uku saukarwar ta ci, saboda wuta da intanet.

2 ga Fabrairu

Mako guda cur ya tafi a kan sunaye. Fayil ɗin iyakoki yana rubuta suna ta wata hanya, jadawalin amfanin gona yana rubutawa ta wata. Dambatta a nan, Danbatta a can. Wasagu/Danko a nan, Danko-Wasagu a can. Waɗannan da sauƙi, domin kwamfuta tana ƙin haɗa su, sai mutum ya lura. Masu haɗarin su ne waɗanda take haɗawa ba tare da ta ce uffan ba. Na sa ta nemi sunan da ya fi kusa, sai ta ɗaura Garki ta Jigawa a kan Garko ta Kano, ta ɗaura Dutsi ta Katsina a kan Dutse. Na jefar da wannan dabara, na ba kowace ƙaramar hukuma lamba, na bi 186 ɗin ɗaya bayan ɗaya da biro.

Sai matsalar girma. Fagge, Dala, Gwale da Birnin Kano, kowaccensu ba ta kai gurbi ɗaya na CHIRPS ba. Ita kuwa Maru ta haura murabba'in kilomita 6,000, ta miƙe daga titin Gusau zuwa Sakkwato har ta dire Ɗansadau, kuma ruwan kanta da na ƙafarta ba ɗaya ba ne. Birnin Gwari ma haka. Matsakaicin ruwa na wuri irin wannan lamba ce da mai yiwuwa babu wani ƙauye guda da ke samun ta. Na haɗe ƙananan hukumomin cikin birnin Kano suka zama ɗaya a lissafi. Manyan kuma na sa musu alama, zan dawo kansu.

19 ga Fabrairu

Ma'aunan da zan ba kwamfuta. Jimillar ruwan shekara ita kowa ke fara ambata, amma manomi ba jimilla yake shukawa ba. Abin da ke gabansa shi ne yaushe ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, kuma kwana nawa zai yi yana jiran hadari a tsakani.

Domin ranar faɗuwar damina na bi ƙa'idar Sivakumar ta 1988, wadda ya fitar a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai: ranar farko bayan 1 ga Mayu da ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma a cikin kwana 30 da ke biye babu fari da ya wuce kwana bakwai. Ɗaukewa kuma, ranar farko bayan 1 ga Satumba da aka yi kwana 20 babu ruwa.

Da na gwada, sai kudancin Kaduna kaf ya nuna damina na faɗuwa a farkon Mayu daidai wa daida. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙa'idar an ɗinka ta ne domin ƙasashen da ruwa ke jinkiri, ita kuwa Kafanchan da Kagoro tun Afrilu suke cikin damina, sai ƙa'idar ta tsare su a bakin ƙofa har 1 ga Mayu. Na mayar da ranar fara dubawa zuwa 15 ga Maris ga kowa.

4 ga Maris

Gwajin farko da hanyar k-means. Yadda take aiki: ka faɗa mata rukuni nawa kake so, ta dasa cibiyoyi, kowace ƙaramar hukuma ta bi cibiyar da ta fi kusa da ita a ma'auni, a sake gyara cibiyoyin, a yi ta maimaitawa har kowa ya natsu a inda yake.

Taswirar ta fito da layuka kwance, ɗaya bisa ɗaya daga kudu zuwa arewa, sak taswirar jimillar ruwa. Dalilin a fili yake. Ruwa ana ƙirga shi da ɗaruruwa, daga ƙasa da milimita 600 a bakin iyakar Nijar zuwa sama da 1,300 a kudancin Kaduna, shi kuwa tsamin ƙasa tazararsa duka ba ta wuce maki biyu ko uku ba. Mai babbar murya ya danne kowa. Na mayar da kowane ma'auni kan sikeli ɗaya, na sake.

Har yanzu ruwa ne ke jan ragama, amma ta wata ƙofa. Jimilla, ranar faɗuwa, ranar ɗaukewa da tsawon damina kusan magana ɗaya suke faɗa, domin inda ruwa ke da yawa nan yake fara sauka kuma nan yake jinkirin tafiya. Ashe ƙuri'a huɗu na ba ruwa, ƙasa kuma ta samu uku. Malamina ya ce in tace ma'aunan ta hanyar nan ta fitar da ginshiƙan bambanci, wadda ke matse masu maimaita juna su zama ɗaya. Na yi. Ginshiƙi na farko ya kwashe duk labarin kudu da arewa, na biyu ya ɗauko rairayi da yumɓu, na uku ya ɗauko tsayin wuri da rashin tabbas na ruwa daga shekara zuwa shekara.

A nan na fahimci abin da ban gane ba lokacin da nake karanta hanyoyin nan a aji. Kwamfuta ba ta ƙin aiki. Ka ba ta lambobin da ba su da ma'ana ka ce ta raba biyar, za ta raba biyar, ta shafa musu launi mai kyau. Hukuncin gaske ana yanke shi ne tun lokacin zaɓen abin da za a auna da nauyin da za a ba shi, kuma wannan hukunci na mutum ne. Duk wanda ya ce "lissafi ne ya raba" ya ɓoye hannunsa ne kawai. Saboda haka zan rubuta kowane zaɓi da na yi a jikin rahoton, inda mai suka zai gan shi.

20 ga Maris

Azumi ya shiga tun 11 ga wata, ga zafi. Aiki bayan asuba kawai.

Na gwada hanyar Ward ta 1963. Ita daga ƙasa take farawa: kowace ƙaramar hukuma ita kaɗai, sai a riƙa haɗa biyun da haɗuwarsu ba za ta ƙara bambancin cikin gida sosai ba, har a ƙare da bishiya kamar ta salsalar dangi. Na fi son ta, domin ana ganin wa ya fara haɗuwa da wa. Funtuwa, Ɗandume, Giwa da Kudan tun a ƙananan rassa suka rungumi juna, iyakar Katsina da Kaduna ba ta hana su ba. Doguwa ta bar Kano ta bi Lere.

15 ga Afrilu

An yi sallah, na dawo kan tambayar rukuni nawa. Akwai ma'aunin Rousseeuw na 1987, da ke duba kowace ƙaramar hukuma ya ga ko ta fi kusa da 'yan rukuninta a kan rukunin maƙwabta. Makinsa daga -1 zuwa 1. Shi ya fi son a raba biyu, kudu da arewa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da kowane direban motar Legas ya sani. Daga huɗu zuwa shida makin bai bambanta sosai ba, kuma bai yi tsayi ba a ko'ina.

Rashin tsayin nan bai dame ni ba. Ruwa ba ya yankewa a kan layi, raguwa yake yi a hankali yayin da kake tafiya arewa, kamar yadda la'asar ke zama magariba. Wanda ya nemi katanga a irin wannan ƙasa ba zai samu ba. Na tsaya a biyar, kuma dalilina na aiki ne: biyar ne adadin da kowane rukuni ke da shawarar iri da lokacin shuka da ta bambanta da ta maƙwabcinsa.

6 ga Mayu

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaukar mini lokaci, kuma ita ta fi koya mini abu.

Duk yadda na juya, wasu ƙananan hukumomi da ke nesa da juna sai sun faɗa rukuni ɗaya: Auyo, Kiri Kasamma da Guri a kwarin Haɗeja, sai Argungu, Augie, Wurno da Goronyo a kwarin Rima da Sakkwato, ɗaruruwan kilomita a tsakani. Yumɓun fadama ne ya haɗa su. A taswira abin ya fito kamar ɗigon tawada a gabas da yamma.

Malamina ya ce yanki dole ya zama dunƙule, domin ba a tura malamin gona yankin da rabinsa ke Jigawa rabi a Kebbi. Na buɗe manhajar taswira ta GeoDa na gwada SKATER, hanyar da masana daga Brazil suka wallafa a 2006. Tana fara ɗaure kowace ƙaramar hukuma da maƙwabtanta na jiki, sannan ta tsinke igiyoyin da bambanci ya fi yawa a kansu, don haka duk yankin da ta fitar a haɗe yake. Taswirar ta yi tsaf. Amma Auyo ta narke cikin ƙasar gero tare da Maigatari, wato an ce wa mai shinkafa da alkama da tumatir na rani shi da mai jiran ruwan sama a jigawa abu ɗaya ne. Wannan ƙarya ce, ko da ta yi kyau a bango.

Mutanen fadama agogonsu daban. Na kwarin Haɗeja idonsu na kan abin da aka sako daga dam ɗin Tiga da na Challawa, na Rima kan Goronyo da Bakolori. Ruwan da ya cinye shinkafar Kebbi a 2020, da wanda ya mamaye Jigawa a 2022, ba duka ne ya zuba a kan gonakinsu ba, kogi ne ya kawo mafi yawansa daga sama. Babu wani ma'aunin ruwan sama na ƙaramar hukuma da zai nuna haka.

Na koma wurin malamina na ce, "Malam, ina ganin tambaya biyu muke yi da taswira ɗaya." Ya saurara har na gama. Mun tsaya a kan haka: yankuna biyar dunƙulallu domin noman damina na tudu, sannan fadama ta hau sama a matsayin zane na biyu, mai bin kogi ba mai bin iyakar ƙaramar hukuma ba. Kura, Bunkure da Garun Malam su ma sun samu wannan alama saboda noman rani na Kadawa.

27 ga Mayu

Na gyara matsakaicin manyan ƙananan hukumomi. Yanzu gurabun da ake nomawa kawai nake ƙirgawa, bisa taswirar WorldCover ta hukumar sararin samaniya ta Turai, domin dajin Falgore da na Rugu da Kamuku kada su ja lissafin gonaki. Maru na raba ta biyu a lissafi. Rabin arewa ya bi Bunguɗu, na kudu ya bi Birnin Gwari.

21 ga Yuni

Na je Ɓaure yawon babbar sallah, da taswirar a jaka. Da yamma na shimfiɗa wa kawu ita a kan tabarma, na nuna masa launin garinsu da garuruwan da suka yi tarayya.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, a cikin abin naka ka sa sau nawa muke shuka?"

Na ce, "Kawu, na sa ranar da damina ke zama."

Ya ce, "Ranar da ta zauna daban, ranar da muka zuba iri daban. Ruwan farko ya sauka, ka fita da sungumi, gero ya tsiro, sai sama ta yi shiru. Ko iska ta taso ta binne shi da rairayi. Ka sake. Wata shekarar sau uku. Irin da ka ajiye ya ƙare, ka koma kasuwa. Mutanen su babanka ba su san wannan ba kamar mu."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙa'idar Sivakumar tana tsallake ruwan da fari ya biyo bayansa, ta ce ba damina ba ce. A lissafi daidai ne. Amma wannan ruwan da ta tsallake shi ne ke cinye irin manomi da kuɗinsa. Ni na jefar da shi a matsayin shara, alhali shi ne abin da ya fi raba Ɓaure da Bakori a aljihun mutane.

Na ƙara sabon ma'auni: a cikin shekara 30, sau nawa ruwan milimita 20 ya sauka sannan fari na sama da kwana bakwai ya biyo. Na sa masa suna ruwan yaudara. Da yake lambobin kullum na CHIRPS daga jimillar kwana biyar-biyar ake warware su, ba zan dogara da shi kaɗai wajen ƙirga kwanakin fari ba. Zan gwada da TAMSAT, wani kundin bayanan ruwa na Jami'ar Reading a Ingila, wanda ya faro daga 1983.

12 ga Yuli

Ruwan yaudara ya shiga lissafi, kuma ya ƙara fito da yankin bakin iyaka. Ga yadda suke yanzu, da sunayen wucin gadi da na ba su. Ƙasar gero: daga Gudu da Illela, ta Jibiya da Mai'aduwa da Ɓaure, har Maigatari da Birniwa. Ƙasar gero da dawa, inda kaura da farafara ke samun kwanakin da suke buƙata: tsakiyar Kano da Katsina da Zamfara da kudancin Sakkwato. Ƙasar masara: Funtuwa, Zariya, Lere, Doguwa. Sai Zuru da Yawuri da Birnin Gwari, masu ruwa kusa da na ƙasar masara amma ƙasa da tsayi daban. Sai kudancin Kaduna na citta da doya da acca, wanda babu hanyar da na gwada da ta haɗa shi da wani.

Na tsallaka iyaka don gwaji, tunda CHIRPS bai san ta ba. Magarya da Matamai sun zauna tare da Ɓaure da Ɓaɓura, Ƙonni tare da Illela, Madarunfa tare da Jibiya. Duk wanda ke cin kasuwar Mai'aduwa ba zai yi mamaki ba. Amfanin wannan shi ne, irin geron da aka gwada ya yi kyau a can ɓangaren Damagaram ya cancanci a gwada shi a nan kafin wanda aka gwada a Zariya.

2 ga Agusta

Gwajin dauriya. Na sake lissafin sau da yawa, kowane karo ina cire wasu shekaru. Tsakiyar kowane yanki ba ta motsi. Masu tsalle su ne na gaɓa: Malumfashi, Ƙanƙara, Ƙaraye, Gwarzo, Tsafe, Birnin Kudu, yau suna ƙasar masara gobe suna ta dawa. Da na yi amfani da 1981 zuwa 1990 kaɗai, shekarun fari, sai layukan duka suka zame kudu.

Ba zan tilasta musu launi ɗaya ba. A taswirar ƙarshe za su fito da zane-zane na launi biyu, kuma shawararsu ta zama mai harshe biyu: a shekarar da hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ya nuna damina mai tsawo a yi kaza, a shekarar jinkiri a koma masara mai saurin nuna ko dawa.

23 ga Agusta

Malka ta sauka, ambaliya ta sake shiga wasu garuruwan Jigawa, tafiyar da na shirya zuwa Haɗeja ta jinkirta. Zamfara da Birnin Gwari kuwa ba zan iya zuwa ba saboda halin tsaro, ta waya zan ji su, kuma zan rubuta a rahoto cewa tabbacin da na samu a kansu bai kai na sauran ba.

Kwatancen TAMSAT ya kammala na Katsina da Jigawa, saura jihohi biyar. Na buga taswira 30 a babbar takarda, masu sunayen garuruwa da koguna kawai, babu launi, babu layina ko ɗaya. Kowane malamin gona da dillalin hatsi da ya yarda zai karɓi ɗaya da jan biro, ya zana da hannunsa inda yake ganin noma ya canja, kafin in nuna masa tawa. Goma na farko za su tafi Dawanau ranar Litinin, sauran kuma Funtuwa da Gumel.